Garmaho mai tsada da girgizar gida: tambayoyin da ake kawo mini shago a Damagaram

Sana'ata gyaran rediyo da amfili, a wata 'yar rumfa da ba ta da nisa da kasuwar Dole. Da can garmaho sai dai a gan shi a ɗakin tsoho an lulluɓe da tsumma. Yanzu ya dawo. Wani ya gaji kwalin faifai daga mahaifinsa, wani ɗansa ya aiko masa da na'ura daga Faransa, wani kuma ya gani a intanet ya zuba kuɗin da zai sayi babur. Ƙorafinsu kusan ɗaya ne: an ce musu sautin faifai ya fi na waya daɗi, su kuwa gurnani suke ji. Ga abin da suke tambaya, da abin da nake ce musu.

Malam, me ya haɗa girgiza da daɗin sauti? Ba faifai ne kawai ke juyawa ba?

Ɗauki faifai ka karkata shi ga hasken taga. Layin da allura ke bi bai kai faɗin gashin kai ba a yawancin wurare, waƙar kuma tana cikin 'yan lanƙwashe-lanƙwashen bangon layin, waɗanda wasunsu ba su kai kashi ɗaya cikin 1000 na milimita ba. Aikin allura ɗaya ne, ta yi rawa. Kan da ke riƙe da ita ya mai da rawar ta zama 'yar wuta kaɗan, wajen milibolt 3 zuwa 5 a irin kan da ake kira MM, ƙasa da rabin milibolt a yawancin masu tsada da ake kira MC. Sai amfili ya ninka ta sau 100, ko sau 1000 ga MC, tun kafin ta isa maɓallin ƙara murya.

To allura ba ta da hankalin tantancewa. Ko kalangun da ke cikin faifai ne ya motsa ta, ko taɓaryar maƙwabciya ce, duk ɗaya ne a wurinta, za ta miƙa wa amfili ya ninka.

Akwai kuma abin da ya ƙara dagula lissafin. Tun 1954 kamfanonin faifai suka daidaita a kan ƙa'idar RIAA, ƙungiyar kamfanonin faifai ta Amurka: wajen yanka faifai ana rage kaurin sauti don layi kada ya yi faɗi, wajen saurare kuma amfili ya maido da shi. Sautin da ke can ƙasa, mai karkarwa 20 a daƙiƙa, ana ɗaga shi kusan ninki 10 a kan na tsakiya. Girgizar gida kuwa duk a can ƙasan take zaune. Wato amfilinka, bisa ƙa'ida, abin da ya fi ƙarfafawa shi ne abin da ba ka so.

A gidajenmu na nan, daga ina take shigowa?

Hanya uku. Ta ƙasa, ta iska, da ta cikin na'urar kanta.

Mujallun Turawa sun fi damuwa da ta ƙasa, domin benensu na katako ne, mutum ya taka nan allura ta yi tsalle can. Mu Allah ya hutar da mu wannan. Daɓen siminti a kan ƙasa, ko soron ƙasa irin na Birni mai katanga kamu biyu, ba ya lilo don yaro ya ruga. Abin da ƙasarmu ke kawowa daban ne: daka da asuba, gurup, wato injin ba da wuta, da aka ajiye a bayan taga, manyan motocin da ke bin hanyar Agadas ko ta Diffa in gidanka na bakin titi.

Ta iska ita ce babbar abokiyar gabarmu, kuma da hannunmu muke gayyato ta. Muna son murya. Lasifika ta buga, iska ta bugi faifai da murfi da teburi, allura ta ɗauka, amfili ya ninka, lasifika ta sake bugawa. In abin ya yi yawa sai ka ji kuka kamar na lasifikar masallaci da aka kusanto da makirfo. In bai kai nan ba, ba za ka ji kuka ba, sai dai ganga ta yi kumburi, dukan farko ya shige cikin na biyu, muryar mawaƙi ta koma kamar daga cikin randa. Wannan na biyun ya fi yawa, mutane kuma ba sa gane shi, sai su ce faifan ne ya tsufa.

Ta ciki kuwa ita ce rawar injin da ke juya faranti, wato mazaunin faifai, da gogayyar turken da farantin ke zaune a kai. Wannan aikin maƙeran na'urar ne, kuma yawancin kuɗin da ka biya a nan ya tafi.

Ta yaya zan gane tawa tana fama da wannan?

Kashe juyi, faranti ya tsaya cik. Ɗora faifan da ba ka ji da shi, sauke allura a kai. Murɗa murya a hankali zuwa inda ka saba saurare, yatsanka na kan maɓalli don ka rage da sauri. Yanzu ƙwanƙwasa teburin da ɗan yatsa, ka taka ƙasa, ka sa yaro ya rufe ƙofa. Duk abin da ya fito ta lasifika, yana nan cikin kowace waƙa da kake ji. In ƙwanƙwasar ta fito "tak" ta mutu, da sauƙi. In ta fito "bummm" tana jan wutsiya, to teburin ganga ne.

Wani Alhaji a Sabon Gari ya kira ni a kan na'urar da ɗansa ya aiko masa. Na tarar da ita a kan kabad mai ƙofofin gilashi, cike da kwanonin Hajiya, lasifika biyu a gefenta a kan katako ɗaya. Da na yi wannan gwajin, murafen kwanonin har amsawa suke yi. Na ce, "Alhaji, ranka ya daɗe, na'urarka lafiyarta ƙalau, mazauninta ne ba shi da lafiya." Muka sauke lasifikun, muka kafa mata katako a jikin bango da ƙarfe biyu. Bai sayi ko ƙusa ta waje ba.

Me ake nufi da garmaho mai lilo a kan sifirin? Na taɓa farantin wata sai na ga yana rawa, na ɗauka ta lalace.

Ba ta lalace ba, haka aka ƙera ta. Dabarar ta yi suna ne da na'urar kamfanin Acoustic Research na Amurka a 1961, aikin Edgar Villchur. Ya haɗa faranti da hannun allura a kan ƙarfe ɗaya, ya rataye ƙarfen a kan sifirin uku, ya bar injin a jikin akwatin waje, bel na roba kaɗai ya haɗa su. In akwati ya girgiza, faranti da hannu ko dai ba su ji ba, ko su motsa tare, kuma muddin tare suka motsa allura ba ta san an yi ba. Thorens ta bi wannan hanya da TD 150 a 1965, sannan Linn ta Glasgow ta fito da Sondek LP12 a farkon shekarun 1970, wadda har yau ake ƙerawa. SME ta Ingila ta rataye manyan nata a kan zobban roba masu yawa maimakon sifirin.

Ka tuna mace mai tallar ruwa da ƙwarya a ka. Gammo yana raba ƙwaryar da taurin kai, wuyanta yana shanye takun ƙafa, ɗan faifan kaba da ta jefa a saman ruwan kuma yana hana shi tambal-tambal. Aiki biyu ne daban: raba abu da girgiza, da kashe wadda ta riga ta shiga. Na'ura mai kyau tana yin duka biyun.

Ga lissafin, ga mai so. Duk abin da ke zaune a kan sifirin yana da saurin lilonsa na kansa. Masu ƙera waɗannan na'urori suna saita shi can ƙasa, wajen sau 3 zuwa 5 a daƙiƙa. Girgizar da ta zo daidai da wannan saurin, sifirin ƙara ta yake yi. Sai ta wuce shi da kusan rabi kafin kariya ta fara. Daga nan kuwa abin yana sauri: in lilon 4 ne, girgiza mai 40 kusan kashi ɗaya cikin 100 kaɗai ke tsallakawa. Shi ya sa irin wannan na'ura take raina kaurin lasifika, amma take tsoron takun mutum a benen katako, wanda saurinsa ya yi kusa da nata.

Aibinta a wurinmu saiti ne. Dole lilon ya tafi sama da ƙasa sak, ba gefe da gefe ba, kuma wayar da ke fitowa daga hannun allura in ta taɓa katako ta ɓata komai. Mai saita LP12 da hannu ba a kowane gari ake samunsa ba. Wanda zai saya ya san da haka.

Wasu sun ce nauyi ne magani, wasu sun ce marar nauyi ta fi. Wa ke da gaskiya?

Kowa da inda ya kama. Masu nauyi suna cewa turmi ba ya rawa don an hura masa iska, sai su tara ƙarfe da dutse har na'ura ta fi buhun siminti. Ƙarshen wannan hanya su ne irin Air Force One ta TechDAS ta Japan, wadda farantinta ke shawagi a kan siririyar iskar da famfo ke hurawa, wani famfon kuma yana tsotse faifai ya manne da faranti. Clearaudio ta Jamus da maganaɗisu take ɗaga nauyin farantinta.

Rega ta Ingila, kamfanin Roy Gandy da ya yi Planar 3 a 1977, ta ce a'a: abu mai nauyi yana ajiye girgiza ya riƙa sakinta a hankali, ta shafe sautin da ke biye. Sai suka bi sauƙi da tauri, har manyan na'urorinsu na yanzu jikinsu wani irin soso ne mai tauri da aka rufe da fata siririya, an fafake duk inda ba a buƙata.

Na saurari iri biyun, ba zan ce ɗaya ta kayar da ɗaya ba. Abin da na lura shi ne marar nauyi ba ta yafe mummunan mazauni. Ka ɗora ta a kan babban teburin falo, ta zama baiwar teburin. Ka ba ta katako a bango, ta buɗe baki.

Mai bel ko mai juyi kai tsaye?

An daɗe ana cewa bel ya fi domin roba tana tace rawar inji. Gaskiya ne tana tacewa. Amma injin da ke juya faranti kai tsaye, wanda Technics ta fara fitarwa da SP-10 a 1970, zagaye 33 da sulusi kawai yake yi a minti, ba ɗaruruwa ba, don haka rawarsa kaɗan ce tun asali. SL-1200 ta biyo a 1972, ta MK2 a 1979, gidajen rediyo da masu kiɗan biki suka rungume ta domin ba ta jin wahala.

Mu nan akwai abin da ya fi wannan gardama: roba ba ta son zafinmu. Na sha buɗe na'ura in tarar bel ya narke ya zama kamar kwalta a jikin turke. In ka zaɓi mai bel, sayi biyu ko uku ka ajiye a leda a wuri mai sanyi. Hanyar gane bel ya saki kuwa, sa faifai mai algaita ko goge. Mai algaita yana riƙe murya ɗaya ya daɗe bai yanke ba. In ka ji muryar tana layi kamar mai maye, juyin ne ba daidai ba.

Ƙafafun roba da ƙusoshin ƙarfe da ake tallatawa fa?

Ƙusa ba ta raba komai da komai. Haɗawa take yi, ta kafe na'ura a jikin abin da ke ƙarƙashinta. A kan daɓe mai ƙarfi tana hana teburi gyangyaɗi, wannan amfani ne. A kan kabad mai rawa kuwa, ta zama hanyar da rawar za ta hau.

Roba tana aiki ne gwargwadon yadda ta lotsa. Wadda ta lotsa milimita 1 ƙarƙashin nauyin na'ura, lilonta wajen 16 ne a daƙiƙa, kariyarta ba ta fara ba sai sama da 20. Wadda ta lotsa santimita 1, lilonta ya sauka wajen 5. Saboda haka roba mai tauri a ƙarƙashin na'ura marar nauyi ado ce kawai. Kuma kada ka sa abu mai laushi ƙarƙashin na'urar da ta riga tana da sifirin a ciki, lilo biyu za su riƙa faɗa da juna.

Garinmu duwatsu ne ko'ina. In sa a yanko mini falalen dutse?

Na yi wannan kuskuren da kaina. Na sa aka gyaro mini falale mai kauri, na ɗora tawa a kai ina jin na gama da duniya. Sai saman sauti ya yi kaifi, kuge ya riƙa sukar kunne. Da na ɗaga dutsen na buga masa cokali, ƙara ya yi kamar ƙararrawa. Dutse yana da nauyi amma ba ya kashe rawa.

Maganin yana bakin ƙofa. Kafinta ya yi maka akwati marar zurfi, ka cika da yashi busasshe da aka tankaɗe, ka kwantar da dutsen ko katako mai kauri a kan yashin, kada gefensa ya taɓa akwatin. Ƙwayoyin yashi suna gogar juna su cinye girgizar. Wata dabarar kuma tib ɗin ƙaramin keke daga wurin mai faci, a hura masa iska kaɗan, yadda in ka danna zai lotsa sosai, a ɗora katako a kai. Yana aiki fiye da yadda kamanninsa suka nuna, sai dai iska tana zurarewa, dole kowane mako ka ɗora ma'aunin ruwa irin na magina ka ga ko faranti ya karkata. Faranti a karkace yana sa allura ta jingina da bango ɗaya na layi, ta cinye shi.

In rufe murfi lokacin da faifai ke juyawa, ko in buɗe?

Murfi a buɗe kama iskar lasifika yake yi ya zuba ta cikin na'ura. Masu kunne suna cire shi gaba ɗaya. Amma su ba su san hunturun Damagaram ba. Daga Disamba zuwa Fabrairu ni rufewa nake yi, domin asarar da ƙura ke yi ba ta dawowa. Sauran watanni in cire, in na gama in mayar.

Kuran ɗinmu yana shafar sauti?

Ƙwarai. Wutarmu bolt 220 ce mai bugu 50 a daƙiƙa. Yawancin na'urori masu bel na da, injinsu da wannan bugun yake ƙirga saurinsa. Wadda aka yi wa Amurka bolt 120 take so da bugu 60; ko ka sa mata taransifoma ka gyara bolt, za ta juya wajen 28 maimakon 33 da sulusi, mawaƙi ya koma kamar bai farka ba, sai an sauya turken bel. A kan ƙaramin gurup kuma bugun yana hawa yana sauka duk lokacin da firji ya tashi. Na'urori masu ƙirga saurinsu da kansu, irin SL-1200 MK2 da masu akwatin wuta na daban, wannan bai dame su ba. In kuma ƙugi kake ji mai murya ɗaya ko faranti na tsaye, wannan ba girgiza ba ce, duba siririyar wayar da ke ɗaurewa a bayan amfili.

Zafi da ƙura fa?

Faifai roba ce. Wani yaro ya bar min guda uku a bayan gilashin mota a watan Afrilu, daga azahar zuwa la'asar, suka fito kamar soyayyen ƙosai. A jera su a tsaye, kada a kwance, nesa da bangon da rana ke duka da kuma rufin kwano. A busasshiyar iskar hunturu faifai yana tara irin wutar nan da ke tartsatsi a bargo, ta jawo ƙura, ta riƙa fashewa "tas, tas" a lasifika. Burushi mai laushi kafin kowane juyi, kuma kada a goge da hannun riga.

Ina ganin fatar lasifika tana shiga tana fita da ƙarfi alhali ba sautin da ke fita. Mene ne?

Hannu da allura su ma sifirin ne da nauyi, domin allurar a kan 'yar roba take zaune. Ana son lilonsu ya faɗa tsakanin 8 da 12 a daƙiƙa, sama da tudun faifai mai lanƙwasa, ƙasa da inda kiɗa ya fara. In an haɗa hannu mai nauyi da allura mai laushi, lilon ya sauka cikin yankin tudun faifai, sai ka ga lasifika tana numfashi. Ƙarfin amfili yana tafiya a banza, kaurin gaske ya dagule. In amfilinka yana da maɓallin yanke sautin can ƙasa, danna shi. Gyaran asali kuwa a daidaita kai da hannu, a kuma auna nauyin allura da ɗan sikeli. Yawanci tsakanin giram 1.5 da 2.5 ne, amma bi abin da maƙerin kan ya rubuta.

Tsakani da Allah, ta miliyoyi ta fi ta talaka?

Ta fi, amma ba a inda mutane ke zato ba. Ba ƙara murya take yi ba. Shiru take ƙarawa. Tsakanin dukan ganga da na gaba sai ka ji fili, ka ji fatar ta saki, ka ji 'yan amshi sun ja numfashi kafin su shigo. Mafi tsadarsu ana maganar dala dubu ɗari-ɗari ne, dalar Amurka, ba tamu ta kasuwa ba. Amma tsofaffin faifanmu masu zagaye 45 a minti da aka buga a Legas, waɗanda suka sha allura da ƙurar shekara 50, babu na'urar da za ta maido musu abin da ya goge. Mai tsadar ma ta fi tona asirin ƙarzunansu. Ga mai irin wannan kwali, ni na fi ba shi shawarar matsakaiciyar na'ura mai ƙarfi, sabuwar allura, da katako a bango.

Zan ɗauko ta daga Yamai ko Kano a mota. Me zan kiyaye?

Yamai kusan kilomita 900 ce, kuma kowane rami guduma ne a kan turken faranti. Cire farantin ka naɗe shi daban. Cire nauyin da ke bayan hannu, ka ɗaure hannun a mazauninsa da zare, ka sa wa allura hularta. In mai sifirin ce, nemi sukurorin da ke ƙulle lilon, in babu ka cusa kwali a tsakani. Kada ta kwanta a gefe, man turke zai zube. Ka ce wa yaron mota, "Ƙanena, wannan ba ta hawa sama da buhuna," ka biya mata kujera in ta kama. In kun iso, bar ta ta huce a ɗaki har washegari kafin ka ɗora faifai.